Wa Ake Nufi da Tsohuwar Riga?

A cocin nan babu wanda bai san Gwaggo Tela ba, babu kuma wanda bai san halinta ba. Mace ce gajera kakkaura, ta haura sittin, shagonta na bakin titi tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da fenti. Duk rigar mawaƙa da ka gani a cocin, da labulen bagade, da farin ƙyallen da ake rufe teburin jibin Ubangiji da shi, daga ƙarƙashin allurarta suka fito. Hannunta kam sai dai a yaba. Kunnenta ne matsalar, domin ba ta taɓa jin magana ta bar ta yadda aka faɗe ta ba, sai ta juya ta ta duba bayanta kamar mai duba ɗinkin riga.

Ba a banza ta zama haka ba. Marainiya ce, a gidan kawunta ta tashi, gidan da ba a kiran sunan mai laifi. Idan kofi ya fashe, matar kawun ba za ta tambayi kowa ba, sai ta tsaya a tsakar gida ta yi wa kaza faɗa a kan marasa hankali masu cin abincin banza. Tun tana 'yar shekara tara ta gane cewa duk maganar da aka yi wa kaza ko bango, da mutum ake. Da ta girma ta soma sauraron misalan Yesu da kunnen manya, sai ta ce ai wannan ta san shi tun daga gida. Habaici ne, sai dai mai tsarki.

Saboda haka fassarar misali a wurinta aiki ɗaya ne, a gano da wa ake. In an karanta na mai shuka, wanda irinsa ya zube a wurare dabam-dabam, kafin a ce amin ta gama raba jama'a benci-benci. Dattijon can mai gyangyaɗi shi ne bakin hanya, matar nan mai sarƙoƙi uku a wuya ita ce ƙasa mai ƙaya. Ƙasa mai kyau kuwa ba ta taɓa faɗar ko wace ce ba, kunya ta hana ta. Marigayi mijinta, wanda makaniki ne, yakan ce mata, “Ke da kin yi zamani da almajiran nan, da tuni kin haɗa su faɗa.” Sai ta ce masa shi ya sani, ita dai ba a yi mata magana a dunƙule ta tafi gida tana murmushi.

Mutum ɗaya ce ta tsira daga zarginta a duniya, wato Doguwa, abokiyar shagonta. Shekara talatin da takwas kekunan ɗinkinsu biyu suna kallon juna. Gwaggo ke awo da yanka da haɗawa, Doguwa ke kalmasa da maɓalli da guga. Tare suka aurar da 'ya'ya, tare suka yi zaman makokin mazajensu, kuma benci ɗaya suke zama ranar Lahadi, na uku daga gaba. Doguwa ba ta da yawan magana. In Gwaggo ta fara rabon misali a kan mutane, iyakarta ta yi dariya ta ce, “'Yar'uwa, ki ji tsoron Allah,” ta ci gaba da gugarta.

Shekara biyu da suka wuce idon Gwaggo ya fara yin yana, gani na dushewa. Kafar allura ce ta fara ɓace mata, sai lambobin tef ɗin awo, daga baya baƙin zare da shuɗi suka zama abu ɗaya. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Ta san in maganar ta fita, masu kawo ɗinki za su janye ɗaya bayan ɗaya, aikin coci zai koma hannun wata, 'yarta kuma za ta zo ta rufe shagon ta zaunar da ita a ɗaki. Doguwa ce kaɗai ta lura. Sai ta riƙa riga ta zuwa da safe, ta sa mata zare a keke, ta jera mata launuka daga hagu zuwa dama, in ana awo kuma ta karanta lambar da ƙarfi kamar da kanta take magana. Sau ɗaya tak suka taɓa zancen.

“Ko 'ya'yana kada su ji,” in ji Gwaggo.

“Wa zai ji?” in ji Doguwa.

Ana haka aka kawo sabon Fasto, matashi mai fara'a, mai son jawo mutane cikin wa'azinsa. Wata Lahadi ya karanta misalin da Yesu ya bayar a kan faci, cewa ba a yi wa tsohuwar riga faci da sabon ƙyalle, don sabon zai ja tsohon, yagewar ta fi ta da muni. Ya ɗago kai, ya hango ta a benci na uku, ya yi murmushi.

“Ga ma gwanar a nan. Tsohuwar riga ba ta jure ja, ko ba haka ba, Mama?”

Jama'a suka yi dariya. Gwaggo ta ji dariyar har cikin ƙashinta. Sauran wa'azin ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba, ta riga ta tsargu. A cikin misalai sama da talatin, me ya sa sai wannan? A cikin mutum ɗari biyu, me ya sa sai ita? Tsohuwar riga dai an nuna ta da yatsa a gaban kowa, saura a ji wace ce sabon ƙyallen. Ta saci kallon Doguwa, ta ga kamar ta sunkuyar da kai. Ita da ba ta ganin kafar allura, ranar nan ta rantse ta ga rashin gaskiya a fuskar ƙawarta.

Tana komawa gida ta zauna haɗa hujjoji, kuma mai neman irin wannan hujja ba ya rasawa. Ta tuna ranar Laraba bayan addu'a Doguwa ta tsaya da matar Fasto a bakin ƙofa, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ta tuna sakatariyar zumuntar mata ta tambaye ta ko tana son a taya ta ɗinkin rigunan mawaƙa bana, tambayar da ba a taɓa yi mata ba. Ta tuna wata mata a bencin baya ta raɗa mata lambar waƙa ba ta tambaya ba. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma ita ta iya haɗa ƙyallaye su zama riga. Kafin rana ta faɗi ta gama yanke hukunci: bakin da ya san sirrin ɗaya ne, kuma ya buɗe.

Ranar Litinin ta tarar da kekenta da zare a ciki kamar kullum. Ta kama zaren ta zare shi, ta yar a ƙasa.

“Lafiya, 'yar'uwa?” in ji Doguwa.

“Lafiya lau. Na dai gode. Ba na son a yi mini abin da za a je a ba da labari.”

“Labarin me? Wa ya ba da labari?”

“Tsohuwar riga dai ta ji saƙo.”

Doguwa ta ajiye dutsen guga. “Ki fito fili ki yi mini magana. Ni ba matar kawunki ba ce.”

Amma Gwaggo ba ta iya fitowa fili ba, ba a koya mata ba. Ta ja kekenta da ƙyar, ƙafafunsa suna ƙara a kan siminti, ta juya shi ya fuskanci bango. Haka suka yi mako biyu a ɗaki ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su. Gwaggo takan yi rabin awa tana laluben kafar allura, gumi na zuba, Doguwa na bayanta ba ta da ikon cewa kawo. Ran nan ta ɗinke wa wata mata farar riga da zare ruwan ƙasa, sai da ta farke ta gaba ɗaya. Wannan ma a kan Doguwa ta ɗora laifin, wai ita ta sauya jerin launukan. A mako na uku Doguwa ta daina zuwa, Gwaggo ta ce a ranta ai kunya ce ta kore ta.

Duk da haka abin bai bar ta ta huta ba. Tana son ta ji daga bakin Fasto, ta kuma nuna masa cewa ita ba a yi mata habaici ta haɗiye. Ranar Alhamis da hantsi ta ɗaura ɗankwali ta same shi a ofishinsa, ɗan ƙaramin ɗaki mai tebur ɗaya da fanka mai ƙugi. Ya miƙe ya ba ta kujera.

“Mama, sannu da zuwa. Kwana biyu ban ga fara'arki ba.”

“Fasto, tambaya na zo yi. Wa ake nufi da tsohuwar riga?”

Ya ji daɗin tambayar, har ya jawo Littafi. Ya ce mata wasu ne suka zo suna tuhumar Yesu don almajiransa ba sa azumi irin nasu, shi ne ya amsa musu da misalin. Tsohuwar rigar ita ce tsohuwar hanyar da mutane suka saba bi don neman yardar Allah, abin da Yesu ya kawo kuma ba faci ba ne da za a liƙa a kanta, sabuwar riga ce sukutum.

“Wannan na littafi ne,” in ji Gwaggo. “Ni na cikin coci nake tambaya. Da wa kake?”

“Da wa kuma? Da ni, da ke, da kowa. Mama, misali ba habaici ba ne. Mai habaici yana ɓoye suna don a gane wani. Yesu kuwa yana ba da labarin ne don kowa ya shiga ya tarar da kansa a ciki, ba maƙwabcinsa ba.”

“To me ya sa ka kira ni a gaban jama'a?”

“Don ke ce tela! Ni ban ma san dalilin da sabon ƙyalle ke yaga tsoho ba. Na so ki faɗa mana.”

“Shiga yake yi, ya tsuke, in ya sha ruwa, sai an jiƙa shi kafin a ɗinka,” ta faɗa a fusace, don ko cikin fushi ba ta iya barin a yi wa sana'arta jahilci. “Amma kada ka zagaya da ni, Fasto. Na san ta gaya muku. In kuna son karɓe rigunan mawaƙa don idona ya mutu, ku karɓa a fili. Shekara biyu ina ɗinka su a haka, wa ya taɓa ganin karkace?”

Fasto ya saki baki. Ya dube ta, ya dubi idanun nata da kyau, murmushinsa ya tafi.

“Idonki, Mama? Me ya sami idonki?”

Gwaggo ta shekara hamsin tana auna muryar mutane, ta san ta mai ƙarya ta san ta mai gaskiya. Wannan yaron bai san komai ba. Ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi abin da Doguwa ke faɗa wa matarsa ranar Laraba, ya ce in bai manta ba maganin ciwon gwiwa ne. Sirrin da aka riƙe mata shekara biyu, yau ita ta kawo shi ofis da ƙafarta ta zube a kan tebur. Kunya ta rufe ta, ga baƙin ciki mai nauyi da ba ta taɓa jin irinsa ba tun rasuwar mijinta. Fasto yana maganar asibitin ido, yana cewa yanar ido ai ana cire ta, ita kuwa ta riga ta miƙe.

Gidan Doguwa bai da nisa, amma ranar sai ta ga hanyar ta ƙi ƙarewa. Ta yi sallama ta shiga, ƙafarta ta yi karo da kwali. Ɗakin cike yake da su. An sauke labule, an naɗe katifa, Doguwa na durƙushe tana ɗaure tukwane da igiya.

“Ina za ki?” in ji Gwaggo.

“Wurin ɗana. Jibi zai zo da mota.”

Ɗan nata malamin asibiti ne a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda. Gwaggo ta dafa bango. “Daga wurin Fasto nake. Bai san komai ba. Ni ce na faɗa masa yanzu da bakina. 'Yar'uwa, na zalunce ki.”

Doguwa ta ƙarasa ɗaure igiyar. Da ta yi magana, muryarta ba faɗa a ciki, gara ma a ce da faɗan.

“Sau huɗu yaron nan yana roƙona in koma wurinsa saboda gwiwata. Sau huɗu ina ce masa ba yanzu ba, ban kuma gaya masa dalili ba, don dalilin ba nawa ba ne. Shekara da shekaru kina zargin mutane ina dariya, ashe layi ne bai zo kaina ba. Ranar da kika ce na sauya miki zare, ranar na kira shi na ce ya zo.”

“Ki sake kiransa.”

“Ya kama mini ɗaki, matarsa ta shirya, jikokina suna ƙirga kwana. Ba zan mayar da su abin wasa ba. Na yafe miki, wannan kam har ga Allah. Amma zan tafi.”

Gwaggo ta zauna a kan wani kwali, ta fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya. Doguwa ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta goge hannu a zaninta ta matso kusa.

“Abu ɗaya ya rage. Ba zan bar ki ke kaɗai da almakashi a hannu ba. Yanzun nan zan kira 'yarki in gaya mata komai, ta zo ta kai ki a duba idon nan. Wannan karon in kin zarge ni, kina da hujja.”

Gwaggo ta lalubi jakarta, ta ciro wayarta, ta miƙa mata.

“Lambar tana ciki,” ta ce. “Ki nemo, ni ba na ganinta.”