Rigar Matuƙin Jirgin da Na Ɗauka a Shahe

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa gishiri ba. In ma akwai abin da na yi, to ragewa ce, don laifin nawa ne tun daga farko har ƙarshe. Shekarun baya ne, lokacin ina zuwa Guangzhou saro tufafi ina kawowa Kano, a shekara sai in je sau uku ko huɗu. Ni ba wani karatu mai zurfi na yi ba, amma idona ya san kaya, kuma duk wanda yake harkar nan ya san yadda muke yi: ka ga riga mai kyau a jikin wani ko a shago, sai ka nemi guda ɗaya ka kai wa masu ɗinki a matsayin samfur, su kwaikwaya su buga maka da yawa. Har ta kai ni ba na ganin tufa a matsayin tufar wani, samfur kawai nake gani. Wannan halin shi ya kai ni.

Ba nisa da kasuwar Shahe akwai wani lambu mai shinge, da dogayen bishiyoyi, shiru kamar ba a tsakiyar gari ba. Idan na yi azahar na gaji da turereniyar kasuwa, can nake shiga in zauna in ci abincina. A ciki akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa masa fukafukai, sai ƙananan duwatsu a jere, kowanne da hoton saurayi sanye da hular fata da tabarau a goshi. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san kaburbura ba ne. Na sani. Kawai dai a raina na ce ba matattunmu ba ne, ina ruwana.

Ranar nan na shiga sai na tarar da mutane jefi-jefi suna share duwatsun, ashe lokacin ne da mutanen ƙasar suke ziyarar kaburburan iyayensu, ni ban sani ba sai daga baya. A ƙarshen layi sai na hango wata riga an shimfiɗa ta a kan dutse, an miƙar da hannayenta. Rigar fata ce ruwan ƙasa, mai gashi a wuya, ta tsufa amma wallahi ban taɓa ganin yanka irin nata ba. A gefe ga ƙananan kofuna na shayi, ga lemo, ga tsintsiya. Kuma na ga mai ita, wata tsohuwa 'yar ƙarama, ta ranƙwafa, tana tafiya a hankali da bokiti wajen famfo. Na gan ta da idona.

Shaiɗan ya ce mini wannan rigar in ta shiga Kano lokacin sanyi, samari sai sun yi rububinta. Na ce ai awa ɗaya ce, a auna a ɗauki hoto in dawo mata da abinta, in ma ta kama in haɗa mata da ɗan alheri. Da zan tambaye ta da wane yare? Haka na yi wa kaina fatawa, na naɗe rigar na cusa a ledar kayana na fita ta ɗaya ƙofar.

Mai ɗinkin da nake hulɗa da ita wata mata ce, muna ce mata Lawban, wato shugaba a yarensu. Na miƙa mata na ce aune kawai, na nuna da hannu, na ce awa ɗaya. Ta ce oke oke. Na fita na sha shayi na dawo, sai na tarar da rigar a kan teburin yanka, innalillahi, an farke ta gaba ɗaya, hannu daban, wuya daban, baya daban, kamar an feɗe rago. Su haka suke fitar da samfur, kuma na san haka, na sha gani, son zuciya ne ya mantar da ni. Ina tsaye sai wani tela ya zaro wani farin ƙyalle kamar tafin hannu daga cikin shafin rigar, an yi rubutu a kai layi-layi, wasu layukan an ja musu jan zare a tsakiya. Lawban ta karɓa ta duba, na ga fuskarta ta canza, ta tambaye ni ina na samo. Na ce gwanjo. Ta dube ni ta dube ni, ta ajiye ƙyallen a gefe.

Da ina da kirki da a ranar na kwashi guntayen na koma na durƙusa a gaban tsohuwar. Ban koma ba. Kunya da tsoron 'yan sanda suka riƙe ni, na ce gobe.

Washegari da tsakar rana ina cikin Shahe, zafi da gumi, masu tura kaya suna ta ihu a ba su hanya, sai na ji wani sanyi ya shige ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa, irin wanda haƙora suke haɗuwa. Sai wani ƙara a kunnena can nesa, kamar tsohon inji yana shaƙewa yana kamawa, da warin baƙin mai da ya ƙone. Na ɗaga kai. A tsallaken hanya, tsakanin buhunan kaya, ga wani saurayi Basine a tsaye da farar shet, ya rungume kansa yana karkarwa. Kowa gumi yake yi, shi leɓensa ya yi shuɗi. Bai harare ni ba, bai nuna ni ba, kallona kawai yake yi irin kallon wanda ya ba ka ajiya yana jira. Mutane suna wucewa ta gabansa ba wanda ya kauce masa. Na ƙifta ido, babu shi. Na yi a'uziyya na ce gajiya ce.

Kwana na biyu na gan shi a kasuwar Baima, a gindin matakala mai tafiya da kanta. Kwana na uku a bakin sito inda ake ɗaure mana kaya, kuma ranar ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu a bayansa a jere, duk samari, sun tsaya cak kamar masu jiran umarni. Ban ƙirga su ba, ban iya ba. Sanyin kuwa ya ƙi barina, na je kemis an auna ni an ce ba zazzaɓi.

Akwai wani dattijo ɗan Maradi, Alhaji Mamman, da muke sauka masauki ɗaya, mutum ne mai barkwanci amma mai tsoron Allah. Ya same ni a gidan abinci da suwaita biyu a jiki, ana wannan zafi.

Ya ce, "Kai Bakano, mi ya same ka? Ko kayan ne ba su saidu ba ka ce bari ka sanye abinka?"

Na ce, "Alhaji, bar wasa, na yi ɓarna."

Na kwashe komai na faɗa masa. Ya ajiye cokali, dariyar ta ɗauke. Ya ce, "A kan kabari? Kuma ka ga matar?" Na ce na gan ta. Ya ce, "To ni ban san mi kake gani ba, mamaci dai ba ya dawowa, wannan mun sani. Amma haƙƙi ba ya tambayar addinin mai shi. Tashi, yanzu, ba sai ka gama cin nan ba."

Muka je wajen Lawban. Ta sa aka sake haɗa rigar, amma tsohuwar fata ba ta son allura sau biyu, wasu wuraren suka yage, hannun hagu ya fito a ɗan karkace. Na ce ina farin ƙyallen? Aka duba teburi, aka duba ƙasa, aka zazzage buhun tarkace. Ta ce, "Meyo." Babu. An share shi da guntayen yadi, motar shara ta kwashe tun shekaranjiya. Sai a lokacin ta gaya mana, da ɗan Turancinta, cewa sunayen mutane ne a jiki.

Muka ɗauki rigar muka nufi lambun. Mai gadin wurin, wani dattijo, yana ganin abin da na fito da shi daga leda ya miƙe tsaye. Na zaci zai kira 'yan sanda, wallahi da ya kira da ya fi mini sauƙi. Bai kira ba. Ya ciro wayarsa yana magana a ciki tana juya mana zuwa Turanci, Alhaji Mamman yana ta cewa in fassara masa.

Abin da na fahimta shi ne, waɗanda ke wurin matuƙa jiragen yaƙi ne da suka mutu suna kare garin lokacin yaƙinsu da Japan, kuma da yawa ba gawa a ƙarƙashin dutsen, don a sama suka ƙone ko suka faɗa ruwa. Mai rigar shi ne shugaban wata tawagarsu. Ranar da aka busa musu ƙahon fita yaƙi yana gida, ya lulluɓe jaririyarsa da rigar tana barci, bai so ya tashe ta ba sai ya fita da shet. Bai dawo ba. Jaririyar ita ce tsohuwar nan. Uwarta ta rayu tana cewa can sama akwai sanyi, kuma ya tafi ba riga, shi ya sa duk shekara ake kawo masa ita a shimfiɗa a kan dutsen na yini guda. Uwar ta mutu, 'yar ta ci gaba. Ƙyallen kuwa sunayen yaransa ne na tawaga, duk wanda bai dawo ba sai ya ja masa zare, kuma wasunsu ko dutse ba su da shi a lambun, a nan kaɗai sunansu ya rage.

Na ce ina tsohuwar take? Ya ce ranar ta zauna a gefen dutsen har aka rufe ƙofa, ba ta yi kuka ba, tambaya kawai take yi ko wani ya gani. Ta dawo washegari, ta sake dawowa, sannan wani ɗanta ya zo ya tafi da ita, ba a garin suke ba. Lamba? Meyo. Adireshi? Meyo.

Na je na shimfiɗa rigar a kan dutsen yadda na same ta, na miƙar da hannayen. Sai a lokacin na dubi hoton da ke jiki da kyau, kuma ba sai na gaya muku fuskar wa na gani ba. Alhaji Mamman ya kama ni muka juya, mun kusa ƙofa na waiwaya, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa, rigar da na bari a shimfiɗe kafaɗunta sun ɗago sun cika, kamar akwai mutum a ciki. Babu iska ranar. Na ce, "Alhaji, duba." Ya ce, "Ba ni dubawa. Tafi."

Sanyin ya sake ni a ranar, sai hannuna na hagu, shi har yau in na taɓa shi ya fi na dama sanyi, matata ma ta sani. Shi saurayin ban ƙara ganinsa ba. Amma sauran, na bayansa, na ƙara ganinsu sau biyu a wasu zuwan, da rana tsaka, a jere, ba kowa a gabansu.

Ga sauran laifin, tunda na ce zan faɗi gaskiya. Ban hana ɗinkin ba. Rigunan suka fito, aka loda su a tashar jiragen ruwa ta Nansha, suka iso Kano, suka ƙare cikin 'yan makonni, na ci ribar. Har yanzu lokacin sanyi nakan ga saurayi a kan babur da irinta, sai in kawar da kai.

Shekara biyu a jere ina daidaita tafiyata da lokacin ziyarar kaburburansu, in je in zauna a lambun tun safe har a rufe, da rigar a hannun mai gadi, da kalmar ban haƙuri da na sa aka koya mini da yarensu. Ba ta zo ba. A shekara ta uku na tarar an canza mai gadin, sabon bai san zancen ba, bai san inda rigar take ba.

Na yi istigfari, na yi sadaka, amma malamai sun gaya mini abin da na riga na sani, cewa haƙƙin mutum sai shi ya yafe. Ni kuwa ko sunanta ban sani ba. Don haka 'yan'uwana masu zuwa ƙasar mutane neman halali, in kun ga abu a ajiye, ko tsumma ne, ku bar shi inda yake, ba ku san wa aka ajiye wa ba. In kuma kun riga kun ɗauka, ku mayar a ranar, kada ku ce gobe. Ni kwana uku kawai na yi jinkiri, ga shi ina jiran haɗuwa da tsohuwar nan a inda ba a buƙatar tafinta.