Ranar da Aka Sauke Kyaftin

Yayana mai gyaran firji ne, amma duk unguwa Kyaftin ake ce masa. Da farko tsokana ce, don tun yana yaro in jirgi ya wuce sai ya saki abin da ke hannunsa ya ɗaga kai. Sai da furfura ta fara fito masa sannan ya shiga ƙungiyar masu tuƙa ƙananan jirage a bayan gari, ya koya, ya sami lasisi. Masu dariya suka yi shiru, sunan ya zauna.

Jirgin ƙungiyar mai kujera biyu ne, cikinsa bai fi na ƙaramar mota ba. Duk ƙarshen mako Yaya zai wanke baƙin mai daga hannunsa, ya sa farar riga, ya tafi. Ya ɗauki 'ya'yansa, ya ɗauki maƙwabta, ni ma ya taɓa ɗauka ta, na sauko ina ta salati yana min dariya. Mutum ne mai kirki. Ina faɗin haka ne don kada a ce ƙiyayya ce ta sa nake ba da labarin.

Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a shago, yana riƙe da tukunyar gas. Ya ce zafi ne. Bayan 'yan watanni abin ya sake faruwa a gida ana cin abinci: cokali ya suɓuce masa, kansa ya langaɓe, da ya farfaɗo ya ce gyangyaɗi ya yi. Matarsa ta roƙe shi ya je asibiti, ya ce ta bar masa maganar. Abokansa na filin jirgi kuwa, manyan mutane da hankalinsu, suka ba shi shawarar ya ja bakinsa, wai likitan matuƙa abin da ka faɗa masa kawai ya sani.

Lokacin sabunta shaidar lafiyarsa ya zo. Matarsa ce ta kai shi a mota, saboda za a ɗiga masa maganin da ke sa ido ya dushe. Tana zaune a kujerar gefe aka auna jininsa, aka gwada idonsa da kunnensa, komai lafiya. Sai likita ya tambaye shi ko ya taɓa suma. Yaya ya ce ko sau ɗaya.

"Likita, ya faɗi sau biyu," in ji ta. "Na biyun a gabana."

Likitan ya ajiye biro. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an binciki zuciyarsa, kuma daga ranar ba shi ba tuƙi.

Da suka isa gida ya tsaya a tsakiyar falo, gaban yara, ya ce ta tozarta shi, ta kashe masa abu ɗaya da ya taɓa yi wa kansa a duniya. Ya daina cin girkinta. In yana son ruwan wanka sai ya aiki 'yarsu ta faɗa wa uwarta. Abokan nasa suka riƙa kiranta 'yar sanda, ɗaya har ya buga mata waya yana mata wa'azin rufin asirin miji.

Na same shi a shago na tambaye shi wa ya yi niyyar ɗauka a wancan makon. Ya ce jikarsa. Na ce, "Yaya, in ka suma a sama, ita za ta sauko da ku?" Ya ce in fita masa daga shago, wai mata duk bakinmu ɗaya.

Bincike ya nuna bugun zuciyarsa na tsallake. Aka yi masa aiki, aka dasa masa 'yar na'ura a ƙirji. Matarsa ce ta zauna da shi a asibiti, ita ke juya shi, ita ke lallashinsa ya sha magani. Ya karɓi duk wannan kamar haƙƙinsa ne. Ban taɓa jin ya ce mata sannu ba.

Da ya warware, likita ya ce zai iya komawa sama, amma sai da wani matuƙi mai lasisi a gefensa. Ya ce shi ba ɗan koyo ba ne. Ya shafe watanni yana zama a inuwar rumfar jirage, yana kushe saukar kowa. A ƙarshe dai ya haƙura, ya tashi tare da wani matashi. Ya dawo fuskarsa kamar ta ango, ya ba mai gadi labari, ya ba mai shagon kusa, ya kira ni a waya. Matarsa a bakin maƙwabciya ta ji.

Da na je ina ta faɗa, ita ce ke ba ni haƙuri, tana cewa ai yana raye, ya isa. Ni bai ishe ni ba. Har yau in ya fara labarin gajimare a gidana, tashi nake in shiga kicin.