Barkonon Inna a Kan Sabuwar Kwalta

Na ga abubuwa iri-iri tun da na zo Abuja, amma ranar da aka shafe kwaltar layinmu ita ce ko tsufa ya cinye min tunani ba za ta fita daga raina ba.

A wata ƙaramar unguwa muke a kan hanyar Karshi, layi ɗaya ne mai ƙofar shiga ɗaya, gidana ne na can ƙarshe. Kwaltar layin ba ta mutu ba, amma ta koɗe, ta fara tsattsagewa. Ni kuma a lokacin ni ne ciyaman na mazauna layin, kuma gaskiya muƙamin ya shige ni sosai. Ni na nemo mai aikin da zai shafa mata abin da suke kira silari, wato ruwan kwalta da aka dama da yashi, baƙi ƙirin, kaurinsa kamar kunun tsamiya. Mutumin ya ce a bari damina ta wuce, don idan ruwa ya sauka a kai kafin ya kama, kwata zai bi. Ya ce a fara toshe tsagar, a share layin tas, a zuba da hantsi rana na dukansa, sannan a rufe hanya har washegari. Kashedin da ya fi nanatawa shi ne, samansa zai yi kamar ya bushe alhali ƙasan ɗanye ne.

Na ɗauki maganar nan na hau kanta. Wata da watanni maƙwabta na damuna a yi, ina cewa sai ruwa ya ɗauke. Da lokaci ya yi, na cika musu waya da saƙonni, na bi gida-gida ina wa'azi. Kowa ya fitar da motarsa waje. Ba mai jan janareta, ba mai tura baro. Har akuyar wani bawan Allah sai da na sa aka ɗaure.

A makon ne Inna, mahaifiyata, ta iso daga ƙauyenmu na ƙasar Katsina, don matata ta shiga watan haihuwa. Ta zo da buhun barkonon da ta noma da hannunta a bayan gida, wanda za ta daka wa surukarta yajin jego. Tun a tashar Jabi ta hana kowa taɓa buhun. Damuwarta ɗaya, barkonon bai gama bushewa ba, kuma tsakar gidana rumfa ta rufe shi. Kullum sai ta ce, "Wai ku a garin nan ina kuke shanya?" Ni kuwa kwalta ce a kaina, sai in ce mata za a duba.

Ranar aiki aka shafe layin tun daga ƙofata har bakin hanya. Ya kwanta sumul, yana sheƙi. Na ɗauko kujera na zauna a ƙofar shiga, na gitta igiya, ina jin kaina kamar gwamna.

Bayan azahar sai ga maƙwabcina da motarsa, wani tsohon soja ɗan Filato da kowa ke kira Oga. Dama ba ma ga maciji da shi tun wata rigimar kuɗin shara. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ciyaman, buɗe min. Hanya ya bushe ai, dubi shi."

Na ce, "Sama ne ya bushe, Oga. Ko shugaban ƙasa ne yau a ƙafa zai bi ta gefen kwata."

"Ina da buhun shinkafa a but ɗin mota fa."

"Ka ɗauka a ka."

Mutane suka taru, ni kuma da na ga jama'a sai na ƙara murya. Na ce duk wanda ya ɓata kwaltar nan, ko wane ne shi, sai na kira taro na tsayar da shi a gaban kowa ya ba da haƙuri. Ina cikin wannan cika bakin Oga ya cire tabarau, ya ƙura wa ƙarshen layi ido. Ya ce, "Ciyaman, wancan jan kafet na ƙofar gidanka, shi ma cikin aikin ne?"

Na juya. Daga nesa na hango ja jawur a shimfiɗe a kan baƙar kwalta, da wata tsohuwa a durƙushe a tsakiya tana baza shi da tafin hannu.

Ban san lokacin da na kwasa da gudu ta gefen kwata ba, jama'a na biye da ni. Na iske Inna cikin farin ciki. Silifas ɗinta ɗaya ya maƙale a baya, ta bar shi a nan. Ta ɗago ta ce, "Kai, Allah ya yi wa masu aikin nan albarka. Ka ga wuri tsaf, ga zafi, ba akuya ba mota. Ashe kuna da wurin shanya ka ƙi faɗa min." A ƙauyenmu gefen kwalta ai nan ne mashanyar kowa, rogo da kuɓewa da tattasai duk a nan suke shan rana. Ita a ganinta gata aka yi mata.

Sai da ta kai hannu za ta juya barkonon ta ji ya ƙi tasowa. Ta dubi tafinta baƙi, ta dubi taron da ya kewaye ta, ta dube ni. Nan take fuskarta ta canza. A ƙasa-ƙasa ta ce, "Na yi ɓarna ko?"

Wallahi ban taɓa jin tausayi da kunya irin na lokacin ba. Ga noman shekararta ya maƙale a kwalta, ga alkawarin da na ɗauka da bakina a gaban mutane, ga Oga tsaye a bayana. Jira kawai nake ya ce a kira taro.

Sai Oga ya tuɓe takalmansa, ya naɗe wando, ya taka kwaltar nan da gangan har inda take, ya durƙusa. Ya ce, "Mama, ba ɓarna ba ne. Mu ma a gida haka mamana yake yi. Kawo kwano." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Ciyaman, yanzu mu biyu ne masu laifi. In za ka kira mitin, ka fara da ni."

Dariya ta ɓarke, har Inna sai da ta rufe baki da mayafi. Matan layi suka fito da kwanuka aka tsince na saman da bai taɓa kwalta ba, wanda bai fi cikin ƙwarya ba. Kafin matata ta haihu, kusan kowane gida ya aiko da barkono. Matar Oga har da citta da kanumfari. Yajin da Inna ta daka ya ishe mu har yaye.

Sauran layin na kula da shi yadda aka ce. Na hana murza sitiyari a tsaye har ya yi ƙwari, na hana tankar ruwa shigowa, inda mai ya zuba a wanke, inda ya tsage a toshe kafin damina. Amma ƙofar gidana ta zauna da ɗigo-ɗigon ja, da sawun Inna ƙarami, da na Oga ƙato a gefensa. Har yau 'yan acaɓa Layin Barkono suke ce mana.

Inna ta rasu shekarun baya. Da lokacin sake shafe layin ya zo, Oga ne ciyaman. Ban roƙe shi komai ba. Da safe na fito na tarar ya kewaye wurin da duwatsu, yana gaya wa ma'aikata, "Nan kar ku taɓa. Sawun Mama ne." Na koma ciki na daɗe ban iya fitowa ba.

Abin da ranar ta koya min shi ne, na iya lissafin lokacin da kwalta ke bushewa, amma mutumin da na tare da igiya shi ya san lokacin da ake take doka don a rufa wa tsohuwa asiri. Tun daga nan, kafin in ɗaga murya a kan maƙwabci, sai na fara waiwayawa ƙofar gidana.