Hoton Jana'izar Baba

Baba ya dawo daga jana'izar abokinsa ransa a ɓace, kuma ba mutuwar ce ta ɓata masa rai ba. Mutuwa kam ya saba da ita. A shekarunsa kusan kowace Asabar akwai wanda za a je binnewa. Hoton ne ya dame shi. Ya ajiye takardar tsarin sujada a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan fuskar mamacin, ya ce in duba. Na duba. Hoton katin aiki ne na zamanin da suke masaƙa tare a Kakuri, an ƙara masa girma har ya dushe, ga rabin hatimi a kafaɗar bawan Allah. Shi aka buga a fosta, shi aka buga a riguna, har a jikin bokitan roba da aka raba wa mata.

"Mutumin nan ya aurar da 'ya'ya shida," in ji Baba, "amma an binne shi da fuskar wanda 'yan sanda ke nema."

Na yi dariya, shi bai yi ba. A wannan ɓangaren namu na ƙetaren kogin Kaduna hoton jana'iza ba abin wasa ba ne. Shi za a rataye a falo, shi jikoki za su taso suna kallo. Daren nan Baba ya sa na sauko masa da akwatin ƙarfe daga saman kabad, muka zazzage hotuna a kan gado. Akwai na aurensu da marigayiya Mama, yana siriri kamar sandar rake. Akwai na dattawan ikilisiya su ashirin da wani abu, inda kansa bai fi ƙwayar wake ba. Shi ke nan. Mama ce mai son hoto. Shi kullum aikinsa riƙe mata jaka a gefe.

"Ina so a ɗauke ni hoto mai kyau tun ina da ƙafafuna," ya ce. "Ba na so ku sha wahalar nema, ba na so kuma ku ba ni kunya."

Ni ce 'yar da ta rage tare da shi a gidanmu na Unguwar Boro, don haka aikin ya faɗo kaina. Na kai shi wani situdiyo a Sabon Tasha. Mai hoton ya ɗauka, ya ce mu dawo gobe. Da muka dawo sai muka tarar ya yi mana alheri: ya goge duk tamojin fuskar Baba a kwamfuta, ya share tsagar gadon da ke kumatunsa, ya kuma ƙara masa haske har ya koma kamar ɗan Lebanon. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi mutumin ko ɗan wane ne wannan. Ya ce in muka sa wannan a fosta, masu zuwa jana'iza za su ɗauka sun yi ɓatan hanya su koma gida.

Bayan kwana biyu ya karɓi wayata don ya ga hotunan jikokinsa da yayata ta turo daga Jos. Baba ba ya sanin inda ake tsayawa in ya fara shafa allo. Ya wuce jikoki, ya wuce hoton takalmin da nake son saya, ya faɗa kan nawa. Ina zaune a wata ƙatuwar kujera mai ruwan zinariya, bayana bango ne na ganye kore shar, haske mai laushi ya sauko mini a fuska, na yi kyau har ni kaina ba na gajiya da kallo.

"Wannan fa? Ina ne nan?"

"Wurin cin abinci ne, Baba."

"To nan za ki kai ni."

Dole in yi bayani ga wanda bai san garinmu ba. Da can mashaya a Kaduna ta kudu ba ta da wani ado: fararen kujerun roba, shuɗin ƙwan lantarki guda ɗaya, da mai gasa kifi a bakin ƙofa. Ba wanda ke son a gan shi a ciki, balle a ɗauke shi hoto. Sai waya mai kyamara ta zo, masu wuraren suka gane cewa yanzu ba ƙishirwa ke kawo mutane ba. Daga Barnawa zuwa Narayi har Sabon Tasha, kowa ya manna ciyawar roba a bango, ya rataye rubutu mai walƙiya ruwan hoda, ya ɗaure lilo na kaba a lungu. Wani har fukafukan mala'ika ya sa aka zana masa, ka tsaya a tsakiya ka zama mala'ikan, a wurin da in mala'ika na gaske ya leƙo sai ya juya. Ni da ƙawayena mu huɗu mukan sayi kifi ɗaya, mu bar shi ya huce muna neman inda haske ya fi kyau. Ina da ƙawar da ke zuwa da riga uku a jaka, ta riƙa canjawa a banɗaki, don ta samu abin ɗorawa a intanet na sati uku. Ban isa in yi mata dariya ba, ni nake riƙe mata jakar.

Shi kuwa Baba dattijon ikilisiya ne. Mutum ne da ke tsallaka titi in ya hango kwalaben giya a gabansa. Maza nawa ya zauna a kan maganarsu aka sa su ƙarƙashin horo saboda sha, ba zan iya ƙirgawa ba. Na ce masa wurin da nisa. Ya ce akwai keke. Na ce ina jin sun ɗauke kujerar. Ya ce in je in duba. Da na ga ba mafita sai na faɗi gaskiya, ko in ce rabinta.

"Baba, ana sayar da giya a wurin."

Ya sake kallon hoton.

"Ke me kika sha?"

"Lemo."

"To ni ma lemo zan sha."

A nan na gane da gaske yake. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsaron sunansa ya yarda ya sa shi a kasada saboda hoto guda. Muka tsara abin kamar masu shirin fashi. Ranar Talata, don ba a cika taruwa ba. Da faɗuwar rana, don ba sa kunna fitilun sai duhu ya fara, kuma fitilun ne dalilin zuwanmu. Ya sa farar babbar rigarsa ta Kirsimeti, ya kafa hula, ya ɗauki Littafi Mai Tsarki. Na ce littafin fa? Ya ce ba zai shiga irin wannan wuri hannu sake ba. Ya sa mai keke ya sauke mu a gaban kantin magani, muka ƙarasa da ƙafa, don kada mai keken ya san inda muka nufa. Mai keken da bai taɓa ganinmu ba a duniya.

Ƙaton da ke tsaron ƙofa ya kalli Baba, ya kalli littafin, ya rusuna. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Anti, wa'azi ne? Don oga ba ya nan." Na ce hoto ne. Muna shiga, mai kawo abin sha ta hango ni ta daga can, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Anti! Kwana biyu! In kawo na kullum?"

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Baba bai ko juyo ba. Cewa kawai ya yi, "Kawo mata na kullum ɗin. Lemo ne ai." Matar ta kalle ni, ta kalle shi, Allah ya yi mata albarka, ta tafi ta dawo da lemo biyu.

A gaban kujerar zinariyar akwai layi. 'Yan mata uku ne, kuma in ka haɗa kayan da ke jikinsu duka ba za su kai hannun rigar Baba ɗaya ba. Baba ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano kamar shi aka ba kwangilar gyaransa. Su kuwa da suka ji abin da ya kawo mu, nan da nan suka ba shi wuri. "Dadi, zo ka zauna, abeg." Ɗaya ta goge masa kujerar da hankicinta, ɗaya ta koya masa yadda ake karkata kafaɗa, ta ukun ta ce ya sauke haɓa kaɗan. Ya bi umarninsu duka, abin da ban taɓa ganin ya yi wa fasto ba.

Hasken ya yi masa kyau ƙwarai. Farar rigar ta ɗauki ruwan zinariya, tsagar kumatunsa ta fito raɗau. Amma fuskar ta ƙi. Ya ɗaure ta tamau, ya zaro ido, ya riƙe littafin a ƙirji da hannu biyu. Na ɗauka, na sake ɗauka, duk ɗaya. Ni kuma ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Ga kiɗa na dukan ƙirjina, ga mutane sun fara shigowa, ga tsoron kada wani ya gan mu.

"Baba, don Allah ka saki fuska mana! Ka yi murmushi!"

"Ba a wasa da hoton mutuwa," ya ce.

Tun da aka fara maganar nan ni wasa na ɗauke ta, rigimar tsufa ce da zan ba ƙawayena labari mu yi dariya. Da ya faɗi haka na sake duban allon wayar, sai na ga fostar. Na ga inda za a rubuta sunansa, na ga inda za a sa shekaru biyu da ɗan layi a tsakaninsu. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun rasuwar Mama. Hannuna ya hau rawa, hotuna uku a jere suka fito a dagule.

Baba ya lura. Idonsa ya wuce ni zuwa wani lungu, inda wani mutum ke ƙoƙarin ɓoye duk jikinsa a bayan takardar jerin abinci. Shugaban mawaƙan cocinmu ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Kwalbarsa ta riga ta sauka ƙarƙashin tebur, sai dai ya manta da kofin.

"Malam!" Baba ya kira shi. "Kai ma hoto ka zo ɗauka?"

Mutumin ya miƙe kamar an kira shi gaban alƙali. "I, Baba. Hoto."

"Madalla. Zo ka ɗauke ni, hannun 'yata na rawa."

Ya zo da sauri, ya ciro wayarsa da ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, har da durƙusawa a ƙasa yana neman kusurwa. Mai saka kiɗa kuma, ban san wanda ya raɗa masa ba, ya katse abin da ke tashi ya sa wata tsohuwar waƙar coci ta Hausa don girmama dattijo. Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Daga teburin nan murya ta ɗauka, daga wancan wata ta amsa. 'Yan matan nan uku suka shiga da siririyar murya, ƙaton ƙofa ya riƙe ta ƙasa, masu kwalba a hannu suna rerawa ba kuskuren baiti ko ɗaya. Shugaban mawaƙa ya manta inda yake, ya ɗaga hannun hagu yana ba su lokaci.

Baba ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ashe nan kuke gwajin waƙa. Shi ya sa ranar Alhamis ba na ganin kowa a coci." Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza masa kafaɗu, har hularsa ta zame gefe. Na miƙa hannu in gyara masa ita.

Kafin ƙarfe takwas muna gida. Bai tambaye ni komai game da na kullum ba, a daren ko bayansa. Shugaban mawaƙa ya turo hotunan tun muna cikin keke, kuma daga ranar shi da Baba suka riƙa gaisawa a coci da wani irin ladabi na musamman. Baba ya sa tabarau, ya zauna a bakin gado, ya bi hotunan a hankali. Akwai masu kyau sosai, shi kaɗai, hula a daidai. Ya wuce su duka ya tsaya a kan wanda aka ɗauka yana tsakiyar dariya, hula a karkace, ga hannuna ya shigo ta gefe, yatsuna a kan goshinsa.

"Wannan."

"Baba, hannuna ya fito a ciki. Sai dai a yanke."

"Kada a yanke."

"Mutane za su ce hannun wane ne."

"Su ce mana. Ni na san na wane ne."

Ya ƙara damina biyu a duniya. A jana'izarsa mutane sun yi ta tambaya wane situdiyo ne ya yi wannan aiki, shugaban mawaƙa ya ce shi ma abin da yake son sani ke nan. Amma abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne kwana uku kafin nan, a shagon mai buga fosta. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya yaba hasken, ya rubuta sunan da shekarun. Sannan ya kai 'yar kibiyar kwamfutar kan hannun, ya zagaye shi.

"Anti, in goge wannan? Ba zai ɗauki minti ɗaya ba."

Na kalli yatsuna a kan goshin Baba. Ya jira. Da ƙyar na ce masa ya bar shi, haka Baba ya ce.