Na Yi Ƙwallo Da Sunan Ƙanena

Ni ɗan Zongo ne a nan Lome, kuma duk wanda ya san ni a wancan lokacin ya san ba na iya zama wuri ɗaya. Baba goro yake sayarwa a kasuwa, ya so in riƙa tsaya masa a rumfa, ni kuwa ko minti goma ba na yi sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. A filin ƙwallo ɗan tsakiya nake, irin mai shan wahalar gudu, in ƙwato ƙwallo in miƙa wa masu ci su sha tafi. Har na kai shekara ashirin da huɗu babu wanda ya waiwaye ni, sai ranar da wani dillalin 'yan wasa ya tare ni bayan wasa a filin ƙwallo na Kege. Ya ce wasana ya yi masa, amma na tsufa, ƙungiyoyin waje ba sa ɗaukar wanda ya haura ashirin. Sai ya tambaye ni ko ba ni da ƙane.

Ina da shi. Shekara biyar na ba shi, mutum ne mai shiru, kullum kansa a cikin littafi, a lokacin yana lise, wato babbar sakandare. Takardar haihuwarsa tana cikin akwatin ƙarfe na Baba. Ban tambayi kowa ba. Ranar wata Juma'a da gida ya watse masallaci na ɗauke ta, aka yi mini fasfo da sunansa, da hotona, da tambarin yatsuna, sannan na mayar da ita inda take. Na ce wa raina aro ne kawai, da na tsaya da ƙafata zan gyara.

Ban taɓa tsayawa ba. Kwatano, Kumasi, daga nan Oman, ban taɓa cika kaka biyu a ƙungiya ɗaya ba. Ko a canza koci sabon ya zo da mutanensa, ko ni da kaina in ji labarin wani wuri hankalina ya tashi. Jakata ma ban cika kwashe kayan cikinta ba. Da na turo hoto gida aka ga sunan ƙanena a bayan rigata, na ce wa Mma don ƙaunarsa na sa. Wallahi har maƙwabta ta zagaya tana nuna musu, shi ma ya ajiye hoton a wayarsa yana alfahari da ni. Wannan ƙaryar ta fi satar takardar ci mini rai.

Ina Oman ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, ya kuma samu gurbin karatun injiniya a Maroko, kyauta. Ya je yin fasfo, aka ce masa ai wannan sunan da wannan ranar haihuwar suna da fasfo tuni. Jami'an wurin suka tsare shi wuni guda suna tambayarsa wane ne na jabu, shi ko wancan. Suka juyo masa da kwamfuta, ya ga fuskata. Bai faɗa musu ya san ni ba. Da ya fito ya kira ni, ko murya bai ɗaga ba, Yaya dai yake ce mini kamar kullum, ya tambaye ni me nake so ya gaya musu. Na ce ya yi mini haƙuri wata huɗu kaka ta ƙare, domin in abin ya fito yanzu za a hana ni wasa gaba ɗaya. Ya ce to.

Kaka ta ƙare, wata ƙungiya ta neme ni, na ɗauki jaka. Na sake ce masa wata huɗu. Daga baya da na ga lambarsa sai in kife wayar in fita gudu ko da ba ranar atisaye ba ce. Aka ba wani gurbin karatun nasa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta dawo masa da sunansa, amma ya san za ta iya kai ni kurkuku, sai ya haɗiye ta. Ni kuwa na ci gaba da yawo, ƙungiya takwas cikin shekara tara, babu kofi ko ɗaya, har gwiwata ta hagu ta ce ta gaji.

Na dawo na same shi yana gyaran waya a wani ɗan shago a unguwar Aveji. Don rashin hankali irin nawa, tsarabar da na kai masa ita ce rigata ta ƙarshe. Ya ba ni kujera, ya aika a kawo mini ruwa, ya juya rigar ya daɗe yana kallon bayanta. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce ko ba komai sunansa dai ya ga duniya. Ya ninke ta ya ajiye, ya ci gaba da aikinsa. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

Yanzu na kai kaina wurin lauya, na faɗi gaskiya, muna ta sintirin kotu don a mayar masa da abinsa, duk hukuncin da ya biyo baya na yarda. Amma ya doshi talatin, Maroko kuma ba ta jira shi ba. Ku matasan da ke buga ƙwallo a filayen unguwa, in dillali ya tambaye ku ko kuna da ƙane, ku tashi ku bar wurin. Iyaye kuma ku daina ganin takardar haihuwa kamar hular da 'yan gida ɗaya za su riƙa ara wa juna, rayuwar mutum guda ce a ciki. Na yi nadama, kuma har gobe ba na samun natsuwa. Ko jiya da muka fito daga masallaci wani ya ƙwala wa ƙanena kira, ni na riga shi juyawa.