Ƙarfen da Nake Ba Ruwa

Kwamfutar kwance ce, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita. Na sayo ta a Talata Mafara, na ɗauro ta a bayan babur har Bakura, don babbar ɗiyata ta saba kafin jarabawar shiga jami'a, wadda yanzu ba a yi da biro. Ranar farko muka tada janareta, ta kai hannu jikin akwatin ƙarfen kwamfutar, sai wuta ta fizge ta. Ta ƙwalla ihu, ta rantse ba ta ƙara taɓa abin nan. Jarabawar ma ta haƙura.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinya mai kai irin wannan, a ce ƙarfe zai zaunar mani da ita gida? Ina!

Na koma wurin mai gyaran da ya sayar mani. Ya ce wuta ce ke taruwa a jikin akwatin ta rasa mafita, in ba ta ja mutum ba, wata rana kayan ciki za ta ƙona. Ya ba ni sandar jan ƙarfe da waya.

"Malam, ka binne ta da gawayi da gishiri, ka ɗaura wayar a jikin akwatin. Amma ƙasar ta zauna da danshi, busasshiya ba ta shan wuta."

Danshi a tsakiyar bazara! Na haƙa ramin a bayan taga har tafin hannuna ya yi kanta. Kullum da safe na fito da buta ina ba ƙarfe ruwa. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga: "Malam, wanga dashe naka, yaushe za mu ci 'ya'yanai?" Uwar yara kuwa ta ce ruwan randarta ba na ƙarfe ba ne, kuma gaskiyarta. Ban ja da ita ba. Na ɗauko dutsen da muke zama mu yi alwala, na dire shi a gindin sandar, na ce daga yau kowa nan zai yi.

Da ƙasar ta jiƙu, na tada janareta na kira ɗiyar. Ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa cikin hijabi. Na yi bisimilla na kifa tafina a kan akwatin, na bar shi nan. Shiru. Na ɗora ɗayan a kan madannai.

Ta daɗe tana kallona. Can ta matso, ta ɗora hannunta a kan nawa, a hankali ta zame shi zuwa jikin ƙarfen. Sai ta jawo kujera.

"Baba, ɗauke hannunka, ka tare mani haruffa."