Inna Kulu Ta Ce In Tsaya

Shekarar da muka dawo da Inna Kulu Gusau ta daina cin abinci. Ba fushi ta yi da kowa ba, likita kuma bai gano wata cuta ba. Za a kai mata tuwo ta yi loma biyu don kada a ce ta ƙi, ta ture kwanon ta juya fuskarta bango. Kakata ce, ita ta haifi mahaifina, a ɗakinta na tashi. Ina kallo tana ƙarewa a gidana kamar sabulu cikin ruwa, na rasa yadda zan yi. Amma sai na koma baya tukuna, don wanda bai san Inna Kulu a bakin wuta ba ba zai gane abin da muke shirin rasawa ba.

A wani ɗan ƙauye muka tashi, bayan Kucheri, a gindin duwatsu. In an gama aikin kaka sanyi ya fara shigowa, da an sallame isha'i Inna sai ta tara karan dawa a ƙofar ɗakinta ta hura wuta. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya duƙunƙune cikin tsohon zanen uwarsa, har da yaran rugar da ke bayan gonarmu, waɗanda mahaifiyarsu ke kawo mana nono. Takan tura gyaɗa cikin toka, ta ajiye tsumagiya a gefenta saboda hannun da ya yi gaggawa. Hannuna ya fi na kowa sanin tsumagiyar nan.

In ta gyara zama za ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga baƙuwa ta taho, ku ba ta wuri."

Mu amsa da ƙarfi, "Ta shigo, mun share mata!"

Ta iya tatsuniya, wannan ko maƙiyinta ya sani. In kura ta yi magana a bakinta sai ƙananan cikinmu su matso jikin manya. Sai dai tana da wani hali da ke ƙona mini rai. Ana tsakiyar labari, daidai inda kowa ya buɗe baki, sai ta yi shiru ta ɗaga kai. Wani lokacin tauraro ne ya yanke ya faɗi, wani lokacin wata ne ya leƙo ta bayan dutse, jajir da shi kamar an ciro shi daga murhu.

"Ku diba can," in ji ta. "Kowa shi yi kurum."

Ni kuwa ba na iya kurum. Sai in ce, "Inna, watan jiya ne fa. Ci gaba!"

Ta harare ni ta gefen ido. Da yake jikanta ne namiji, maigida take ce mini don tsokana. "Kai maigida, mi kaka wa sauri? Tatsuniya ƙahwa gare ta da za ta gudu? Wanga miji nau, ko ranar aurenmu haka yab bar ni tsaye yat tahi." Kowa ya fashe da dariya, ni in cika in yi fam, ita kuma ta ci gaba da kallon watanta har sai ta ƙoshi.

A irin wannan daren ne ta ba mu labarin Lantana 'yar kallo, kuma na tabbata saboda ni ta zaɓe shi.

Wai an yi wani gari da ruwan sama ya kwana bakwai yana zuba, har wutar kowane murhu ta mutu. Babu tuwo, babu kunu, jarirai na kuka. Wuta kuwa sai a wani gari mai nisa, bayan gulbi. Aka tashi Jatau, saurayin da ke kama zomo da gudu, aka ba shi kasko. Kafin azahar ya isa, aka zuba masa garwashi, ya juyo a guje bai ko waiwaya ba. Iskar gudunsa ta yi ta hura garwashin yana ci yana ƙarewa, bai sani ba, idonsa na kan hanya. Ya iso gari ana guɗa, aka leƙa kasko, toka. Ya koma, ya ƙara gudu, ya sake kawo toka. Sau uku.

A garin akwai wata yarinya, Lantana, wadda ba a aikenta sai an rasa ɗan aike, don in ta tafi rijiya da hantsi sai la'asar, ta tsaya kallon tururuwa na jan ƙwayar gero. Ba wanda ya aike ta. Kakarta ce ta ce tana sha'awar kunu mai zafi, yarinya ta ɗauki kasko ta fita. Da ta karɓo wuta ta juyo, ta iske furen bado ya rufe wani tafki fari fat, ta ajiye kasko ta zauna kallo. Da ta sunkuya za ta ɗauka, ta ga garwashin ya fara sanyi, ta tsinci ƙirare ta sa masa. A bakin gulbi ta tarar da shanu na ƙetarewa rana na faɗuwa a kan ƙahonninsu, ta sake zama, ta sake duba kasko, ta ƙara masa busasshen kashin shanu. Haka ta yi ta yi, ta tsaya wa wata, ta tsaya wa balbelu. Sai rana ta uku ta shigo gari, wuta na ci a hannunta.

Na ce, "To me aka ba ta?"

"Hwaɗa anka yi mata," in ji Inna, "wai ina tat tsaya. Kana kowa yak kawo kara yaɗ ɗebi wuta. Baƙuwa ta tashi, kowa shi nemi takalminai."

Na kwanta ina ƙunƙuni. A ganina an zalunci Jatau, shi da ya sha wahala, kuma labarin da ba a ba kowa doki ko 'yar sarki ba ai ba labari ba ne.

Na girma da halina. Na yi karatu a Tsafe, na samu aikin koyarwa a Gusau, na yi aure, na buɗe ɗan shago don albashi ba ya kai wata. Kullum ina kan hanya. Sai zaman ƙauye ya gagara, 'yan bindiga suka hana noma suka hana barci, gidanmu ya watse. Wasu suka koma Tsafe, gwaggona ta tafi wurin dangin mijinta a Nahuce, ni kuma na ɗauko Inna Kulu. Ta haura tamanin a lokacin. Abin da ta fito da shi kaɗai wani ƙullin tsumma ne, ta cusa shi ƙarƙashin matashi, ba mai taɓa mata.

Gidan haya nake, katanga doguwa, an rufe tsakar gidan da rumfar kwano. Inna ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. 'Ya'yana suka yi ta roƙon tatsuniya, don na cika musu kunne da labarinta, ta ce ta manta. Kowace safiya maganarta ɗaya ce: "Maigida, yaushe za ka maishe ni gida?" In ce sai hanya ta yi kyau. Alhali ƙauyen ko kaza babu. Wata rana matata Hadiza ta kama ta a bakin ƙofar gida da ƙullinta a hammata, tana tambayar masu wucewa ina ne tashar Tsafe. Ranar na tsorata ƙwarai. Na ga in ba yunwa ta kashe ta a gidana ba, hanya za ta kashe ta.

Sai na yi abin da na iya, wato gudu. Asibiti yau, gwajin jini gobe, rubutu daga wurin malam, maganin ƙarin jini, madarar gwangwani. Wata huɗu ina haka. Kowa na yaba mini, ana cewa jikan kirki. Amma in na faɗi gaskiya, a wata huɗun nan ban taɓa zama kusa da ita na tsawon shan kofin shayi ba. Daga bakin ƙofa nake tambayar ko ta sha magani, in juya.

Wata ranar bazara muka daɗe a asibiti har magariba ta same mu a can. Likita ya rubuta wani maganin buɗe ciki, na sa ta a gaban tsohuwar motata ina sauri in kai kemis kafin a rufe. An ɗauke wuta a ɓangaren garin gaba ɗaya. Muna sauka daga gadar gulbi na ji hannunta a kan nawa, hannu kamar kara.

"Tsaya."

"Inna, za a rufe kemis."

"Na ce ka tsaya."

Rabon da in ji wannan muryar tun ina yaro. Ƙafata ce ta taka birki kafin in yi shawara. Na gangara gefen titi, kusa da wata mai suyar ƙosai da nake saye a wurinta, Maman Joy, 'yar kudu ce da ta daɗe a Gusau har Hausarta ta fi ta wasunmu. Inna ta yi ta kokawa da ƙofar mota har na zagayo na buɗe mata. Ta dafa ni ta fito, ta ɗaga kai.

Wata ne ya fito ta gabas, cikakke, ƙato, ya taso daga bayan rufin gidaje. Da yake babu fitila ko ɗaya, haskensa ya kwanta a kan kwanukan garin duka, har tsofaffin da suka yi tsatsa suna sheƙi. Hasumiyar wani masallaci da dogon ƙarfen waya sun tsaya baƙi ƙirin a gabansa, 'yan babura na wucewa ƙarƙashi ba wanda ya kula. Na fi shekara goma a Gusau, ban san garin na da kyau haka ba.

Inna ta ƙura wa watan ido. Can ta ce a hankali, "Ashe ya biyo mu." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni na aza can munka baro shi, bisan dutsi."

Maman Joy ta jawo benci ta ce, "Mama, zauna nan, kada ki faɗi." Ita ma ta juya ta duba, matsami a hannu. "Kai, Allah mai iko! Kullum ina wurin nan, ban taɓa ɗaga kai ba."

Muka zauna, ni da kakata, kafaɗa da kafaɗa. Ban ce ta ci gaba ba, ban duba agogo ba. Ta nuna mini inda ƙauyenmu zai kasance in an bi ta ƙarƙashin watan, ta lissafa mini waɗanda ke kwance a maƙabartarsa, mijinta da 'ya'yanta uku. Ta ce abin da ke hana ta barci shi ne ta bar su cikin duhu su kaɗai, amma ga shi wanda ke haska mu shi ke haska su. Wata huɗu tana ɗauke da wannan magana, ba wanda ya zauna balle ta faɗa masa.

Sai ta shaƙi iska ta ce, "Ɗiyata, ƙosan nan naki da zahi?"

Guda biyar ta ci. Ta kuma gaya wa Maman Joy cewa albasa ta yi kaɗan. Da na ji ta fara kushe girkin mutane, na juya baya na yi kuka, don na san kakata ta dawo. Kemis kam an rufe.

Na daɗe ina ɗaukar tsayawa kallon abu mai kyau a matsayin aikin wanda ba shi da abin yi. Yanzu na san wanda bai tsaya ba ba ya ganin halin da abin da ya ɗauko yake ciki, ko da yana gudun ne saboda shi. Ina son Inna Kulu, son ne ma ya sa ni gudu, kuma saura kaɗan in kai ta kabari da gudun nan. Na gode wa Allah da ya fito da watan a daidai wannan gada, na gode wa wanda ya ɗauke wuta ko wane ne shi, na gode wa tsohuwar da ta rage da ƙarfin daka mini tsawa. Damina biyu ta ƙara yi tare da mu, 'ya'yana kuma sun ji muryar kura a bakinta.

Washegarin wannan daren, ina shirin fita makaranta ta kira ni. Ta jawo ƙullin nan daga ƙarƙashin matashi ta kwance a gabana. Irin yakuwa ne da na kuɓewa, da 'yan zangarniyar gero daga gonarta, waɗanda ta adana don ranar komawa.

"Wurin famfon can na waje da ruwa ka zuba banza," in ji ta, "a kabce mani shi. Damina ta kusa."

Ranar ban je aiki ba. Na ari fartanya wurin maƙwabci, ina sara tana zaune a kan kujera tana gaya wa duk mai wucewa cewa mijinta bai iya noma ba, ni kuwa ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.